Ruwa ba ya tsami banza: ramin gawayin Anu Araran da darasinsa ga Damagaram

Yau tarihinmu zai fita daga Birni, ya bi hanyar Tanut, ya wuce Aderbisinat da Agadas, ya tsaya a bakin wani ƙaton rami da ke sama da kilomita 500 daga nan. A ramin nan ake tonon gawayin ƙasa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce ma kwal.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da ramin da ke Abzin? Ai kuwa da ruwanmu. Duk wanda ke garin nan a watan Agusta na 2023 bai manta ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Masu ƙanƙara, masu walda, teloli da masu injin niƙa, kowa ya ji a jikinshi. Tun daga lokacin magana ɗaya ce a bakin jama'a: mu samu wutarmu ta kanmu. Cikin hanyoyin da hukumomi ke ambato kuwa, gawayin ƙasa na sahun gaba. Ga shi kuma ana kiran matanmu su rage itace su koma ga gawayin ƙasa don a ceci sauran itatuwan dajinmu. Ke nan mu masu saye ne, kuma masu jiran amfani. Abin da ba a cika faɗa muna ba shi ne, gawayin nan da ruwa ake biyan wani ɓangare na kuɗinshi, ruwan da ke ƙarƙashin ƙafar mutanen da ke zaune kusa da ramin. In akwai garin da ya kamata ya san tsadar ruwa a ƙasar nan, to namu ne.

GARIN DA RUWA YA TAƁA RABAWA DA MULKI

Damagaram a kan dutse take zaune. Duwatsun da muke gani a Birni da kewayen gari kawunansu ne kawai suka leƙo, jikin na nan shimfiɗe ƙarƙashinmu. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai cikin tsagoginshi da ɗan ruɓaɓɓen da ke samanshi. Shi ya sa mutum zai gina rijiya nan ya samu ruwa, maƙwabcinshi ya gina can ya tarar da fa.

Zamanin sarakuna an san yadda ake zama da wannan hali. Lokacin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kuma ya rasu a 1884, gari na da rijiyoyinshi, ga tabkunan da ke cika da damina, waɗanda da yawansu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Ayarin raƙuma daga Bilma, Agadas da Tarabulus na sauka Zango, su sha su shayar, su wuce Kano. Ruwan bai da yawa, amma mutanen ma ba su kai na yau ba.

Faransawa sun ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, inda suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. A 1911 suka mai da Zinder babban birnin yankin soja na Nijar, kuma da aka mai da Nijar cikakkiyar koloni a 1922, nan gwamna Brévié ya zauna. A 1926 aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Dalilan ba ɗaya ba ne. Akwai siyasa, akwai tsoron kusancinmu da Kano da Turawan Ingila, amma cikin hujjojin da aka kafa har da ƙarancin ruwa: can ga kogi, nan ga dutse. Kusan shekara ɗari ke nan muna biyan kuɗin wannan hukunci.

Daga baya sai aka koma neman ma gari ruwa daga waje. Aka gina rijiyoyin burtsatse, foraj ɗin da muke faɗi, a Arunguza da Ganaram ta arewa, da Gogo da Machaya ta kudu, ana turo ruwan cikin tiyo daga nisan gomman kilomita. A 2001 aka raba aikin ruwan birane tsakanin SPEN da SEEN, a 2024 kuma NDE ta karɓi aikin SEEN. Sunaye sun canza, gari ya ƙaru har ƙidayar 2012 ta ba shi sama da mutum 300,000, amma layin bido da kurar ƴan ga-ruwa lokacin bazara ba su bar mu ba. Da wannan idon za mu kalli ramin Abzin.

YADDA AKA BUƊE RAMIN ANU ARARAN

Labarin gawayin Nijar daga uraniyom ya taso. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Waɗannan ma'aikatu na cin wuta ba kaɗan ba, kuma da gazuwal ake kunna injinansu, man da sai an ɗauko shi da kamiyo tun daga bakin teku. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya a 1973, sai hankali ya koma kan gawayin da aka gano a Anu Araran, kusa da Cirozerin, wajen kilomita 75 arewa maso yamma da Agadas.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka kafa kamfanin SONICHAR, wanda gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a cikinshi. Aka buɗe rami, aka gina tashar wuta a gefenshi mai injina biyu, kowane megawat 18.8, na farko ya kama aiki a 1981. Wutar na tafiya Arlit da Akokan, kamfanin NIGELEC kuma na sayen wani kaso yana ba Agadas da Cirozerin. Daga baya aka fara gasa wani ɓangare na gawayin don girki, shi ne wanda ake kawowa garuruwanmu cikin buhu.

Gaskiya dai a faɗe ta, aikin nan ya yi ma ƙasa rana. Fiye da shekara arba'in arewacin Nijar na shan wutar da ba ta dogara da wata ƙasa ba. Ciro, kamar yadda ake ce ma garin, ya bunƙasa saboda kamfanin, kuma ƴaƴan Damagaram da dama sun ci abinci a can, direbobi, makanikai, magina da ƴan kasuwa.

Sai dai mu dubi irin tonon. Gawayi iri biyu ake haƙo shi. Akwai na shiga ƙarƙashin ƙasa ta rami kamar gafiya, irin wanda Turawan Ingila suka fara a Inugu bayan an gano gawayi can a 1909. Akwai kuma na buɗaɗɗen rami, inda ake yaye duk ƙasa da dutsen da ke bisa gawayin, a tara su gefe kamar tsauni, sannan a kwashe gawayin da manyan motoci. Na Anu Araran buɗaɗɗe ne, kuma sai an sauka gomman mitoci kafin a taɓa gawayi. Ta hanya biyu wannan irin rami ke taɓa ruwan ƙasa, yana rage shi kuma yana ɓata shi.

YADDA RAMI KE SHANYE RIJIYA

Masu garka a Mirya, Gidimuni da kwarin Korama sun san wannan ba sai an kai su lakwal ba. Kana da rijiyarka gaba uku, kana ban ruwa da guga. Maƙwabcinka ya zurfafa tashi gaba shida ya sa mata moto-pompo, ya kunna tun safe. Kafin azahar naka ruwan ya ja baya. Bai shiga garkarka ba, bai taɓa rijiyarka ba, amma ruwan ƙasa bai san shinge ba, inda ya fi zurfi nan yake gangarawa.

To buɗaɗɗen ramin gawayi rijiya ce, wadda ta fi kowace rijiyar yankin faɗi da zurfi. Da zarar tono ya wuce matakin da ruwan ƙasa yake, ruwa zai yi ta tsattsafowa ta bango da ta ƙasa. Mota ba ta aiki cikin tabki, saboda haka dole a sa pompo ana zuƙe shi dare da rana, shekara da shekaru. Ruwan ƙasa na kewaye sai ya lotsa, ya yi siffar mazurari, bakin ramin ne tsakiyarshi. Rijiyar da ke kusa ita ke fara kafewa, ta nesa ta riƙa sauka a hankali. Faɗin mazurarin ya danganta da irin ƙasar: cikin yashi da dutsen yashi yana iya kai kilomitoci, cikin laka yana tsayawa kusa.

Alamar farko ba a labo ake ganinta ba, a igiyar guga ake ganinta. Bana an ƙara gaba ɗaya, baɗi a ƙara biyu. Rijiyar da ke kai har faɗuwar ruwan fari sai ta fara kafewa tun watan Maris. Itatuwa masu dogon jijiya irin su gawo da bagaruwa su fara bushewa daga sama. Matsalar ita ce fari ma haka yake yi. In ba wanda ya auna rijiyar kafin a fara tono, ranar da aka je ƙorafi sai a ce rashin damina ne, kuma ba mai hujjar da zai ƙaryata.

Bayan ramin, ita ma tashar wuta na shan ruwa. Gawayi ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya juya injin, kuma ana buƙatar wani ruwan don sanyaya kayan aiki. SONICHAR daga foraj ɗin Rharous take jawo nata ruwan cikin tiyo. Ruwan da ke kwance cikin duwatsun yashi na yankin Agadas kuwa yawancinshi tsohon ajiya ne, ya taru tun dubban shekaru lokacin da Sahara ke da ciyawa da tabkuna. Ruwan saman da ke sauka can a shekara bai kai rabin na Damagaram ba, saboda haka abin da ke komawa ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Kamar rumbun da kakanni suka cika ne, ana ɗiba ba a zubawa. Daga wannan rumbu birane ke sha, daga shi kamfanonin ma'adinai ke ɗiba, daga shi kuma makiyayan Irhazer da masu zuwa bikin gishirin dabbobi na Ingal ke shayarwa.

YADDA RUWA KE TSAMI

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A ramin gawayi wannan magana ba karin magana ba ce kawai, haka abin yake. Cikin gawayi da dutsen da ke tare da shi ana yawan samun wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, ana ce mishi pirit, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne inda iska ba ta kai, lafiya lau. Ranar da aka tono shi, iska da ruwa suka same shi, sai ya fara narkewa yana ba da asid, dangin wanda ke cikin ruwan batir, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Akwai ma wasu ƙwayoyin halitta da ke son wannan tsami, suna ƙara ma abin sauri.

Ruwa mai tsami kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Duk dutsen da ya ratsa sai ya narko abin da ke cikinshi: ƙarfe, alminiyom, manganis, nikel, zinki. In ya fito fili za a ga ƙasar wurin ta yi ja kamar tsatsa, gefen ya yi farin gishiri in ya bushe. Wannan ruwa na fitowa daga cikin ramin kanshi, yana fitowa daga tsaunin ƙasar da aka tara gefe duk lokacin da aka yi ruwan sama, kuma tokar da tasha ke fitarwa ma na iya ƙara nata in ba a adana ta da kyau ba. In aka sake shi cikin ƙorama ba a gyara ba, sai ya nutse cikin yashi, ya iske rijiyoyin da mutane da dabbobi ke sha.

A 2009 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta ƙasar Faransa, CRIIRAD, wadda aka fi sani da aikinta kan uraniyom na Arlit, ta gwada ruwan da ake zuƙowa daga ramin SONICHAR. Sakamakon da ta bayyana ya nuna gishirin sulfat da ƙarafa iri-iri da yawan da ya wuce na ruwan sha, ta kuma yi kira a bincika abin da wannan ruwa ke yi ma rijiyoyin kewaye. Ku lura, shekara kusan talatin bayan fara aiki, kuma ƙungiya ce daga waje ta yi gwajin da ya fito fili.

Masu ilimin ruwa na auna tsami da wani ma'auni da ake ce ma pH. Ruwan sha mai kyau na tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan ramin gawayi da ya lalace yakan sauko zuwa 3 ko 4, kuma kowace lamba ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma. Wani gurɓacewar harshe na ganewa, sulfat in ya yi yawa ruwa ya yi ɗaci ya sa zawo, ƙarfe in ya yi yawa ya rina tufafi. Wani kuwa ba launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Wannan na ƙarshe mun ga irinshi kusa da gida, ko da yake ba gawayi ya jawo shi ba. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, jama'a sun yi shekaru tun tsakiyar shekarun 1980 suna shan ruwan foraj mai haske garau, ashe sinadarin fuluwor da ke cikinshi ya ninka ƙa'idar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe, sannan aka gane daga ruwa ne. Gwajin da ba shi da tsada, da an yi shi a kan lokaci an kuma faɗa ma jama'a, da ya hana wannan.

ABIN DA WASU SUKA GANI

Mu leƙa waje kaɗan, don kar a ce abin na Nijar ne kawai. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, kamfanin siminti na Ashaka ya buɗe ramin gawayi wajen 2007. An tashi ƙauyen aka sake mishi matsuguni, kuma shekara da shekaru mutanen wurin na fitowa a kafofin labarai suna kukan ruwan sha da gonaki.

A Afirka ta Kudu, ƙasar da mafi yawan wutarta daga gawayi take, akwai wani gari Carolina a lardin Mpumalanga. A watan Janairu na 2012, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, ruwa mai tsami daga wuraren tonon gawayi ya kwararo cikin dam ɗin da garin ke sha. Watanni mutane suka yi pompo na zuba amma ba a iya sha, sai motar siterni, har maganar ta kai kotu.

A Jamus kuwa, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ba ba ta rasa injiniyoyi ba, ramin Hambach da ke yammacin Kolon ya kai zurfin wajen mita 400. Don a riƙe ramukan yankin a bushe, ɗaruruwan miliyoyin mita-kubik na ruwa ake zuƙewa kowace shekara, har ta kai ana mayar da wani ruwan cikin tiyo zuwa fadamun da suka fara bushewa don kar su mutu. Yanzu da za su rufe ramin, shirinsu shi ne su jawo ruwa daga kogin Rhin su cika shi, aikin da suka ƙiyasta zai ɗauki wajen shekara 40. Su suna da kogin da za su jawo. A Abzin ko Adar, daga ina za a jawo?

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne, rufe rami ba ya kawo ƙarshen magana. Ranar da aka kashe pompo, ruwa zai fara dawowa a hankali, ya cika ramin, ya jiƙa duk dutsen da aka farfasa, kuma tsamin na iya ci gaba gomman shekaru bayan kamfani ya naɗe kayanshi. COMINAK ta rufe a 31 ga Maris 2021, kuma mutanen Akokan sun ga cewa kamfani na tafiya, gari da rijiyoyinshi na nan.

SALKADAMNA, DA ABIN DA YA KAMATA MU TAMBAYA

A watan Yuni na 2014 shugaban ƙasa Isufu Mahamadu ya aza harsashin aikin Salkadamna, a arewa maso yamma da Tawa: buɗaɗɗen ramin gawayi da tashar wuta da aka ce za ta kai megawat 600, fiye da ninki goma sha biyar na Anu Araran. Aikin bai tashi ba a lokacin, amma hukumomin yanzu sun sake tado da maganarshi. In Allah ya sa ya tabbata, muna cikin masu fatan wutar ta iso mu.

Kar wani ya fahimce mu ba daidai ba. Ramin da ke Tawa ba zai kafar da foraj ɗin Ganaram ba, nisan ya yi yawa. Waɗanda abin zai taɓa su ne manoma da makiyayan Adar, yankin da rijiyoyinshi dama can sun yi suna wajen zurfi. Amma in mu ne za mu kunna fanka da wutar, bai dace mu da muka san zafin layin bido mu yi shiru a kan rijiyarsu ba. Kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Mu ma muna da manyan ayyuka bisa ruwanmu. Matatar SORAZ da aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, tana wannan arewar da wasu foraj ɗinmu suke. Ga ramukan tsakuwa da na jar ƙasa kewaye da gari da ke zama tabki da juji a lokaci guda. Tambayar da za a yi ma ramin gawayi, ita ce za a yi ma kowane ɗayansu.

Doka ba ta bar mu hannu rabbana ba. Akwai dokar muhalli ta 1998, akwai kundin dokar ruwa na 2010, akwai dokar 2018 kan binciken illar manyan ayyuka, wadda ta tanadi a saurari jama'a kafin a ba da izini. Tun 2006 kuma doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don ƙananan hukumomin jihar da ake tonon. Matsalarmu ita ce ranar da aka kira taron sauraren jama'a, yawanci a zo da takarda mai kauri cikin Faransanci, a yi jawabi, a sha lemo, a watse. Wanda rijiyarshi ke cikin magana bai san me aka rubuta ba.

Ga abin da muke gani ya kamata duk wani mai gari, hakimi, kansila ko shugaban ƙungiyar makiyaya ya riƙe kafin a sa hannu.

Na farko, kafin mota ta fara tono, a auna kowace rijiya da kowane foraj da ke kewaye: zurfin ruwa da rani da damina, da abin da ke cikin ruwan. A rubuta, a ba mai gari kwafi, a ba meri kwafi. Wannan takarda ita ce shaidar da za ta raba gardama tsakanin fari da rami nan da shekara goma.

Na biyu, a gina ƙananan foraj na sa ido tsakanin ramin da garuruwa, a riƙa aunawa a kai a kai, kuma ba kamfani kaɗai zai auna ba. Muna da jami'a a Zinder, akwai a Tawa, Agadas, Maraɗi da Yamai, da malamai da ɗaliban da suka karanci ilimin ƙasa da ruwa. A karanta sakamakon a rediyo da Hausa, Tamajak da Fulatanci, kamar yadda ake karanta farashin hatsi.

Na uku, a faɗi ƙarara lita nawa za a zuƙe a rana, daga wane zurfi, kuma ina ruwan ramin zai tafi. Maganin tsami sananne ne, ana tara ruwan cikin kwatami mai shimfiɗa a sa mishi farar ƙasa ko dutsenta, ƙarafan su kwanta, sannan a sake shi. Dutsen farar ƙasa kuwa ba sai an je nesa ba, da shi ake siminti a Malbaza cikin jihar Tawa ɗin.

Na huɗu, a rubuta tun yau wa zai ba da ruwa in rijiya ta kafe ko ta ɓaci, cikin kwana nawa, kuma a ajiye kuɗin gyaran wuri a asusu na dabam tun ana cin riba, ba sai ranar rufewa ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kowa. Ko wane gari na da igiya da littafin lakwal. A samu mutum biyu amintattu, ranar ɗaya ga kowane wata da asuba kafin a fara ɗiba, su auna daga bakin rijiya zuwa kan ruwa, su rubuta kwanan wata da tsawon. Shekara uku aka yi ana haka, garin na da tarihin ruwanshi a hannu, wanda injiniya ma dole ya saurara. Wannan ya shafi ƙauyukan Adar, ya shafi na kewayen Ganaram da Arunguza, ya shafi garakan Korama da moto-pompo ke ƙaruwa cikinsu kullum.

Ba mu ce kar a tono gawayi ba. Ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su da wuta, kuma itacen girki ke cinye dajinta, ba ta da halin raina abin da Allah ya ajiye mata a ƙasa. Ga kuma rana, wadda aka fara cin moriyarta a tashoshin Malbaza da Goru Banda, ita ba ta buƙatar a zuƙe rijiyar kowa, ya kamata a sa ta cikin lissafi. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafin da ruwa a ciki. Gawayin rami na da ranar ƙarewa, kamfani na da ranar tafiya, amma jikokin masu wurin daga wannan ƙasa za su ci gaba da neman abin sha.

Dattawanmu da suka san tsofaffin rijiyoyin Birni da Zango, da sunayensu da lokacin da suka kafe ko aka cike su, muna roƙo ku ba mu labari a ƙasa. Haka ƴan'uwa da suka yi aiki a Ciro ko suke zaune can yanzu, ku faɗa muna abin da idonku ya gani game da ruwan wurin, mai daɗi da marar daɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya rijiyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.